Neman Asalin Kakanni a Kundayen Ƙauye: Yadda Jikokin Jamusawa da na Mutanen Folan Suke Bin Sawun Magabatansu

 

Maudu'in da aka ɗora mini shi ne bayanin yadda jikokin Jamusawa da na mutanen Folan, waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura zuwa Amurka, suke binciko asalinsu ta hanyar tsofaffin kundayen ƙauyuka. Wataƙila wani ya ce a ransa, ina ruwanmu da littattafan cocin Turawa? To, ilmin nasaba fanni ne da malamanmu suka daɗe da ba shi muhimmanci, kuma ƙa'idar tabbatar da cewa wane ɗan wane ne ba ta sauyawa don an ƙetare teku. Abin da nake so in tabbatar a gabanku yau shi ne, wannan bincike duka a kan sunan ƙauye guda yake rataye. Wanda ya sami sunan ƙauyen kakansa ya sami mabuɗi, wanda kuwa ya rasa shi, ko da ya haddace sunayen kakanninsa bakwai, a bakin ƙofa zai kwana.

Na farko, su wane ne suka tafi, kuma me ya fitar da su?

Tun a 1683 wasu iyalai 13 daga garin Krefeld suka kafa unguwar Germantown kusa da birnin Filadelfiya, amma babbar ƙaurar ta zo ne daga baya, domin tsakanin 1820 da 1920 Jamusawa sama da miliyan 5 suka shiga Amurka, kuma a 1882 kaɗai an ƙidaya kimanin 250,000. Mutanen Folan sun biyo baya. A ƙarshen 1854 wani limamin Katolika, Leopold Moczygemba, ya jawo 'yan'uwansa daga ƙauyukan Silesiya suka kafa garin Panna Maria a jihar Tekzas, sa'an nan daga wajen 1870 zuwa ɓarkewar yaƙin duniya na farko a 1914 wajen mutum miliyan 2 suka kwarara zuwa mahautan Shikago, da masana'antun Detroit da Buffalo da Milwaukee, da ramukan gawayi na Pensilbaniya. Akasarinsu manoma ne da ƙasa ta yi wa ƙaranci. A kudu maso yammacin Jamus ana raba gonar gado tsakanin 'ya'ya har ta zama ba ta ciyar da kowa, a arewa kuwa ɗa guda ke gaje ta duka, sauran su nemi inda za su nufa. Ga cutar dankali ta shekarun 1840, ga tarzomar 1848 da aka murƙushe, ga aikin soja na tilas. Da yawa daga cikin mutanen Folan ma da niyyar ci-rani suka fita, su tara abin sayen gona su komo.

Abin da ya kamata ku riƙe a nan shi ne, ba ɗai-ɗai suka tafi ba. Wanda ya riga ya isa shi ke aiko da wasiƙa da tikitin jirgi, ƙane ya bi wa, suruki ya bi ƙane, har sai an wayi gari rabin ƙauye ya koma titi guda a Shikago. Wannan zai yi mana amfani nan gaba.

Na biyu, ƙasar da babu ita a taswira.

Idan jika ya buɗe takardar kakansa ya ga an rubuta cewa daga Rasha ya zo, alhali a gida an san harshen Folan yake yi, kada ya ce magatakarda ya yi kuskure. A 1772 da 1793 da 1795 dauloli uku, wato Rasha da Furushiya da Ostiriya, suka yi wa Folan rabon ganima, suka shafe sunanta daga taswira, ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba sai 1918. Saboda haka duk wanda ya fita a tsakanin nan, ko dai talakan Sarkin Rasha ne, ko na Furushiya, ko na Ostiriya daga lardin da ake kira Galisiya. Jamus ita kanta ba ta zama dunƙulalliyar ƙasa ba sai 1871. Kafin nan mutum ɗan Baberiya ne, ko ɗan Baden, ko ɗan Hanoba. Bayan 1945 kuma aka sake ja da iyaka zuwa kogunan Oder da Neisse, aka kori miliyoyin Jamusawa daga gabas, garuruwa suka sake suna: Breslau ta zama Wrocław, Stettin ta zama Szczecin, Danzig ta zama Gdańsk. Birnin da 'yan Ostiriya suka kira Lemberg, mutanen Folan suka kira Lwów, yau Lviv ne a ƙasar Yukren. To, idan manyan birane sun sha wannan, ina ga ƙauyen da bai wuce gida talatin ba?

Sa'an nan ga ƙauyuka masu suna ɗaya. Sunan Neudorf a Jamus, da takwaransa Nowa Wieś a Folan, ana samunsu a wurare da dama ƙwarai. Maganin wannan shi ne ƙamusun garuruwa. Na Jamus shi ne na Meyers, da aka buga a 1912 da 1913, wanda yake faɗin lardin kowane ƙauye, da gundumarsa, da inda ofishin rajistarsa yake. Na Folan kuwa babban ƙamus ne mai juzu'i 15 da aka buga a Warsaw tsakanin 1880 da 1902. Dalilin komawa gare su a fili yake: ƙaramin ƙauye ba shi da coci nasa, sai a ɗauki jariri a kai shi ƙauyen da cocin yake, can kuma littafin yake.

Na uku, daga gida ake farawa.

Mafi yawan masu fara wannan aiki zumuɗi ke kai su ga baro. Mutum ya ji sunan zuriyarsu Müller ne ko Nowak, sai ya faɗa kundayen Turai kai tsaye, ya manta cewa waɗannan su ne sunaye mafi yawa a ƙasashen biyu. Hanyar da masana suka yarda da ita ita ce a fara daga wanda aka sani, a yi baya da sannu, daga uba zuwa kaka, sai an kai ga wanda ya hau jirgin ruwa. Sa'an nan a tattara duk wata takarda da ya bari a Amurka, ana neman kalma ɗaya tak.

Takardun ƙidayar jama'a ba su cika taimakawa ba, don sunan ƙasa kawai suke kawowa, kuma akasarin na 1890 gobarar 1921 ta lalata su a Washinton. Jerin sunayen fasinjojin jirgi an fara ajiye shi tun 1820, amma na farkon ba su faɗin gari. Sai a shekarun 1890 aka fara tambayar mutum inda ya zauna a ƙarshe, daga 1906 aka ƙara da garin haihuwa, daga 1907 kuma aka ƙara da suna da adireshin ɗan'uwansa mafi kusa da ya bari a gida. Haka nan takardun neman zama ɗan ƙasa, daga 1906 ne suka zama masu cikakken bayani. Wanda kakansa ya sauka a tashar karɓar baƙi ta tsibirin Ellis, wadda aka buɗe a 1892, bayan waɗannan shekaru, aikinsa da sauƙi. Wanda kakansa ya sauka a Castle Garden, tashar da ta yi aiki daga 1855 zuwa 1890, sai ya ɗaura ɗamara.

A nan ne tashar da mutum ya taso take zama sa'a ko rashin sa'a. Manyan tashoshin Jamus biyu ne, Bremen da Hambug, garin da aka haifi Heinrich Barth, Abdulkarim ɗin nan da ya shigo Kano a 1851. Hukumomin Hambug sun ajiye jerin masu fita daga 1850 zuwa 1934, da sunan garin kowa, kuma kusan dukansa yana nan. A Bremen kuwa, wadda ta fi yawan fasinja, a 1875 aka yanke shawarar a riƙa lalata tsofaffin takardu a bar na shekaru uku na ƙarshe kawai, saboda wai babu wurin ajiya. Akasarin abin da ya rage kuma yaƙin duniya na biyu ya cinye. Ku dubi wannan da kyau, ku da za ku riƙe ofisoshi gobe. Bom bai fara yi wa tarihin Bremen ɓarna ba, ƙarancin kanta ne ya fara.

Idan duk waɗannan sun gaza, sai a koma ga littattafan cocin da baƙin suka gina a Amurka, domin sau da yawa limamin, da yake shi ma ɗan can ne, yakan rubuta ƙauyen ango da na amarya. A duba dutsen kabari, da sanarwar mutuwa a jaridun Jamusanci na Milwaukee ko Cincinnati, da takardun ƙungiyoyin taimakon juna da suke biyan kuɗin jana'iza, da bayan tsohon hoto inda mai ɗaukar hoto yake buga sunan garinsa. In kakanka bai bar komai ba, bi maƙwabcinsa, bi shaidun aurensa, domin kamar yadda na faɗa, ƙauye guda ne ya tashi.

Bari in ɗan ratse in gyara wani labari da ya yaɗu a Amurka, cewa wai ma'aikatan tsibirin Ellis ne suke sauya wa baƙi suna. Ma'aikatan nan ba su rubuta sunan kowa ba. Jerin da kamfanin jirgi ya rubuta tun a tashar Turai suke dubawa, kuma suna da tafintoci. Mutanen da kansu ne daga baya suka mai da Schmidt ya zama Smith, Müller ya zama Miller, don neman aiki ko gudun tsangwama, musamman lokacin yaƙin 1914 da aka tsani duk abin da ya shafi Jamus.

Na huɗu, kundayen kansu, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Asalinsu umurnin addini ne. A 1563 majalisar malaman Katolika da ta zauna a garin Trent ta wajabta wa kowane limami ya ajiye littafin baftisma da na aure, a 1614 aka ƙara da na mutuwa. Mabiya Luther su ma sun fara nasu tun cikin ƙarni na 16. Amma yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya ƙone coci-coci da yawa, shi ya sa a wurare da dama silsila take yankewa a wajen 1650. Daga baya hukuma ta gane amfanin abin wajen haraji da ɗaukar soja, sai ta sa hannu, kuma kowace daula da irin salonta.

A Galisiya, bisa dokar Sarki Joseph na Biyu ta 1784, ana rubutu da Latin a cikin jadawali mai gidaje: ranar haihuwa, ranar baftisma, lambar gida, sunan yaro, ko ɗan aure ne ko a'a, sunan uba da sana'arsa, sunan uwa da na iyayenta, sunayen waɗanda suka tsaya wa yaron a wurin baftisma, a ƙasa kuma galibi sunan ungozoma. Lambar gidan nan abu ce mai daraja, domin da ita ake rarrabe iyalai biyar masu suna ɗaya a ƙauye guda. Wani lokaci za ka ga ɗan ƙaramin gicciye a gefen sunan jariri. Ma'anarsa ya mutu. Ka juya shafi biyu, sai ka ga iyayen nan sun sake haihuwa sun sa wa sabon yaron sunan marigayin. Mai gaggawa sai ya ɗauki na farkon ya ce kakansa ne, alhali wannan bai yi wata uku a duniya ba.

A ɓangaren Rasha salon ya bambanta, domin dokar Napoleon ce ta shigo da shi a 1808. A nan babu jadawali, labari ake bayarwa a sakin layi guda. Limami zai rubuta cewa abin ya faru a ƙauye kaza, ran kaza ga wata, da ƙarfe kaza. Wane, manomi, mai shekara kaza, ya zo tare da shaidu biyu, wane da wane, ya nuna mana jariri namiji da aka haifa jiya da dare daga matarsa wance, 'yar gidan wane. A ƙarshe sai ya ce an karanta wa mai sanarwa da shaidu wannan takarda, amma mu kaɗai muka sa hannu, domin ba su iya rubutu ba. Wannan jimla ta ƙarshe za ka same ta shafi bayan shafi. Har zuwa 1868 da harshen Folan ake rubutawa. Daga nan, bayan murƙushe tawayen 1863, aka tilasta Rashanci da baƙaƙensa. Za ka kuma ga kwanan wata biyu a jere, domin Rasha tana bin tsohuwar kalanda wadda take bayan ta Turai da kwana 12 a ƙarni na 19. Yahudawan waɗannan garuruwa ma a littafin limamin Katolika aka rubuta su daga 1808 zuwa 1825, kafin a ware musu nasu a 1826.

A Furushiya kuwa littafin coci ne hujja har zuwa 1 ga Oktoba 1874, ranar da aka buɗe ofisoshin rajista na hukuma, aka kuma game dukan Jamus da su daga farkon 1876. Wahalar wannan ɓangare rubutun hannu ne. Jamusawa suna da wani tsohon salon rubutu mai kaifi da ake kira Kurrent, wanda a cikinsa harafin e yake kama da n, dogon s kuma yake kama da f. A 1941 gwamnatin Hitler ta hana koyar da shi, saboda haka Bajamushen yau, in ba ya koya musamman ba, ba ya iya karanta wasiƙar kakarsa. Ga kuma tarkon watanni: idan limami ya rubuta 7ber, Satumba yake nufi bisa ƙidayar Latin, ba Yuli ba, 8ber Oktoba ne, Xber kuma Disamba.

Na biyar, suna ba hujja ba ne.

Mutum ɗaya yana iya zama Wojciech a bakin uwarsa, Adalbertus a littafin limami, Adalbert a takardar soja, Albert a masana'antar Detroit. Mace a Folan, idan mijinta Kowalski ne, ita Kowalska ce. A gidan Bajamushe kana iya samun 'ya'ya maza huɗu kowanne sunansa na farko Johann, sunan tsakiya ne ake kiransa da shi. A yankin Westfaliya kuwa, mutumin da ya auri magajiyar gona yakan ɗauki sunan gonar ya bar na ubansa. Shekarun da mutane suke faɗa ma kintace ne, sukan kauce da biyu ko uku.

To, da me za a yi hukunci? A nan ne nake ganin ɗalibin hadisi ya fi kowa saurin fahimta. Malaman isnadi ba su karɓar ruwaya don sunan mai ruwaya ya yi daidai. Sai sun tabbatar da zamaninsa, da garinsa, da cewa lalle ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, sun kuma keɓe babi guda don masu ruwayar da sunayensu suka zo ɗaya alhali mutanen daban ne. Haka mai binciken nasaba na ƙwarai yake yi. Sai sunan uba da na uwa da ke takardar aure a Amurka sun dace da na littafin baftisma a ƙauye. Sai an ga 'yan'uwan da aka sani a Amurka su ma suna cikin littafin nan. Sai an duba littafin mutuwa da na aure an tabbatar wannan yaro bai mutu yana ƙarami ba, bai kuma tsufa a ƙauyen ba. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Ni a ganina, silsila mai kakanni uku tabbatattu ta fi mai goma sha biyu da aka ɗinke da zato, kuma akasarin dogayen silsilolin da ake yaɗawa a intanet, waɗanda suke ƙarewa ga wani basarake, irin na biyun ne.

Na shida, ina littattafan suke yau?

Wasu suna nan a cocinsu, wasu a ofishin bishop, wasu a gidajen adana tarihi na hukuma. Wasu Jamusawan da aka kora sun tafi da nasu, shi ya sa littafin ƙauyen da ke Folan yau kana iya samunsa a Balin. Da yawa sun ƙone, musamman a Warsaw a 1944, amma kada a yi saurin yanke ƙauna, domin dokar Furushiya ta 1794 ta sa a riƙa kai kofi na biyu kotu, a ɓangaren Rasha ma biyu ake rubutawa. Daga cikin abin da ya tsira daga gobarar Warsaw akwai ɗaruruwan wasiƙu da 'yan ƙaura suka aiko daga Amurka da Birazil a 1890 da 1891, waɗanda ma'aikatan Sarkin Rasha suka tare don kada su kwaɗaita wa wasu tafiya, ba su taɓa isa ga matan da iyayen da aka rubuta wa ba. Masanin tarihi Witold Kula da iyalinsa suka buga su a 1973.

Cocin Mormon na jihar Utah, saboda wata aƙida tasu game da matattu, sun fara ɗaukar hoton irin waɗannan kundaye tun 1938, suna ajiyewa a wani rumbu da suka haƙa cikin dutse kusa da Salt Lake City, yanzu kuma suna sakinsu a shafin intanet na FamilySearch. Littattafan Furotesta na Jamus suna Archion, na Katolika da yawa suna Matricula, a Folan kuma 'yan sa-kai sun jera miliyoyin sunaye a Geneteka. Sai dai fihirisa jagora ce kawai. Wanda ya kwafe ta mutum ne, yana iya karanta n a inda aka rubuta e, don haka tilas a koma ga hoton shafin asali.

Akwai kuma batun amana, wanda ba zan tsallake ba. Waɗannan littattafai da muke yabo, su ne bayan 1933 gwamnatin Nazi ta sa mutane su tono don tabbatar da cewa babu jinin Yahudu a kakanninsu, kuma abin da aka samu a shafi guda ya raba wasu da aikinsu, daga baya da rayukansu. Ko a yau mai bincike zai ci karo da abin da iyali suka rufe, kamar gidan sunan uba da aka bari babu komai, kuma sai ya auna tsakanin faɗin gaskiya da suturta mamaci da rayayyun zuriyarsa. Hukumomi ma sun sa iyaka: a Jamus ba a sakin rajistar haihuwa ga kowa sai ta shekara 110, ta aure 80, ta mutuwa 30, a Folan ta haihuwa 100, ta aure da ta mutuwa 80. Abin da bai kai wannan ba, sai wanda ya nuna shaidar cewa shi ɗa ne ko jika. Wanda kuma zai rubuta wa limamin ƙauye, ya rubuta da harshen ƙasar, ya taƙaita, ya faɗi suna da shekara da ƙauye, ya tuna cewa mutumin nan yana da jama'ar da yake yi wa hidima, ba ma'aikacinsa ba ne.

Shugaba, na ga ana yi mini nuni da agogo, saboda haka a nan zan dakata.  Wanda yake da tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, bisimilla, fili nasa ne.